Ƙwai Ɗari Ba Su Isa a Kori Mutum Ba

Mai girma shugaban wannan ƙungiya ta masu kiwon agwagi, Yaya Yu Teh-wang, wanda ya ba ni minti ashirin ya kuma kwance agogonsa ya ajiye a kan tebur inda zan riƙa ganinsa. Mai girma wakilin shugaban gunduma, wanda ya sanar da mu tun daga bakin ƙofa cewa wani taron na jiransa. Likitan dabbobi na yankinmu. Dattawan da suka kafa wannan ƙungiya shekara arba'in da suka wuce, waɗanda suka rage a cikinsu. Iyayena mata na ɗakin haska ƙwai, waɗanda suka leƙa cikin ƙwai fiye da yadda na leƙa cikin littafi. Mahaifina Lan Chin-shui da mahaifiyata Chien Yueh-o, da ke zaune a layin gaba. Matasan da suka gaji tafkunan iyayensu da waɗanda suka same su ta hanyar aure. Da sauran jama'a, har da waɗanda ƙamshin miyar agwagwa da citta ne ya shigo da su: ina gaishe ku baki ɗaya. Barkanmu da wannan rana, barkanmu kuma da ruwan saman da bai hana kowa fitowa ba, domin da ruwa yana hana mutumin yankinmu na Yilan fita, da har yau babu wanda ya san fuskar maƙwabcinsa.

Ina godiya ga kwamitin shirya wannan biki da ya tuna da ni. Ina godiya ga masu girki, waɗanda su ne ainihin dalilin cikar wannan zaure. Ina godiya ta musamman ga shugaba, domin ya san abin da zan iya faɗa a kansa, amma duk da haka ya sa hannu a takardar gayyata.

Ga matasan da ba su san ni ba, sunana Lan Hsiu-chuan, a garin nan kuwa A-chuan. Ina koyar da ilimin ƙididdiga a wata jami'a a Taipei. An rubuta a takardar taro cewa zan yi magana a kan gwajin bambanci tsakanin kaso biyu, kuma na lura tun da aka karanta wannan take mutum uku suka tuna sun bar famfo a buɗe a gida. Ku zauna. Abin ba shi da wuya, kuma kuna yin sa kullum ba tare da kun san yana da suna ba. Duk ranar da ɗayanku ya ce injinsa ya ƙyanƙyashe tamanin cikin ɗari, na maƙwabcinsa kuwa saba'in da biyar, ya kuma fara tafiya yana buɗe kafaɗa, to ya shiga fagen aikina. Tambayar da nake cin abinci da ita guda ɗaya ce: wannan tazara, hannun mai injin ce, ko kuwa sa'a ce ta ratso ta gidansa a wannan makon?

Abu uku na zo da su. Na farko gajere ne, na biyu dogo ne don laifina ne, na uku kuwa na mahaifina ne.

Abu na farko shi ne yadda ake tambayar. Ku ɗauki ƙwai ɗari biyu daga garke ɗaya, ku raba su biyu, ku sa su a injina biyu iri ɗaya, ku yi musu hidima iri ɗaya. Ba za su fito daidai ba. Wannan zai ba da saba'in da uku, wancan saba'in da bakwai, alhali babu abin da ya raba su sai dace. Saboda haka mu masu wannan sana'a muna farawa da mugun zato. Muna cewa: mu ɗauka babu wani bambanci tsakanin hanyoyin nan biyu. Sannan mu tambaya: in da gaske babu, sau nawa sa'a ita kaɗai za ta kawo tazara mai girman wadda muka gani? In lissafi ya ce sau da yawa, sai mu yi shiru. In ya ce da ƙyar, bai kai sau ɗaya cikin ashirin ba, sai mu yar da zaton farko mu ce lallai akwai wani abu a nan. Iyakar abin ke nan. Shekara huɗu mahaifina ya yi yana sayar da agwagi don in koyo wannan, kuma kun ji shi yanzu a minti ɗaya kafin a kawo miya.

Abu na biyu shi ne abin da na yi da wannan ilimi da na dawo gida, shekara ashirin da biyu da suka wuce.

Dattawa sun sani, matasa ba su sani ba. A lokacin mahaifina ne shugaban ɗakin ƙyanƙyasa na wannan ƙungiya, shekararsa goma sha takwas a kan aikin. Yana da wata al'ada da ya gada. Daga kwana na goma, kullum da hantsi yakan buɗe injin, ya zaro kiret-kiret ɗin ƙwai, ya bar su su sha iska na kwatan awa, sannan ya fesa musu ruwa mai ɗumi ya mayar. In an tambaye shi dalili sai ya ce uwar agwagwa ba ta kwana a kan ƙwai kamar an ɗaure ta, takan je tafki ta dawo da jiƙaƙƙen ƙirji. Iyakar iliminsa ke nan a kan batun, kuma bai taɓa jin yana bukatar ƙari ba.

A waccan shekara ƙungiya ta sayi sababbin injina masu juya ƙwai da kansu, masu auna zafi da danshi da kansu, ta kuma ɗauki sabon manaja, saurayi ɗan shekara talatin mai takalmi mai sheƙi, wanda ya karanta littafin injin tun daga bango har bango. Ba zan faɗi sunansa ba, amma agogonsa na kan tebur.

Littafin ya ce kada a buɗe ƙofa. Mahaifina ya ce wanda ya rubuta littafin bai taɓa ganin agwagwa ba sai a faranti. Aka yi wata biyu ana wannan. Manaja ya liƙa takarda a jikin injin, mahaifina ya yi amfani da ita ya goge hannu. Manaja ya sa kwaɗo, mahaifina ya zo da makullinsa, don shi ya sayo kwaɗon tun farko.

Ana cikin haka na dawo daga jami'a da takardar shaida a cikin kwali. Manaja ya tare ni a bakin zauren nan ya ce, "A-chuan, ke kin yi karatu. Ki raba mu da Baffa. Ba ni da wani buri sai gaskiya."

Ni kuwa a lokacin duk wanda ya ce mini na yi karatu ya gama da ni. Na ce a ba ni ƙwai ɗari biyu. Ɗari a injin da Baba zai riƙa buɗewa yana fesawa, ɗari a injin da za a rufe. Na ce ɗari ne don lamba ce mai daɗin rabawa, kuma misalan da ke littafinmu duk da ɗari suke. Babu wani dalili bayan wannan, ina so ku riƙe shi.

Baba ya yarda ba tare da gardama ba. Ya ce, "Ƙirga, 'yata. Ai don ki iya ƙirga na tura ki."

Kwana ashirin da takwas suka cika. Na Baba saba'in da takwas suka fito. Na rufaffen inji saba'in da biyu. Baba ya dawo gida ranar da ƙafar alade da kwalbar giya, ya ce wa Inna ta gayyato maƙwabta. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi lissafina, lissafi ya ce in babu wani bambanci ko kaɗan, sa'a za ta iya kawo tazarar shida a ƙwai ɗari-ɗari kusan sau ɗaya cikin uku. Sau ɗaya cikin uku ba abin mamaki ba ne. Lissafin daidai yake, na sake duba shi sau da yawa tun daga lokacin. Bakina ne ya ɓata shi.

Aka kira taro a wannan zaure. Na tsaya a nan inda nake tsaye, da farar riga da na saya don ranar, mutum wajen ɗari biyu suna kallona. Abin da ya kamata in ce shi ne: ƙwai ɗari ba su isa su nuna mana komai ba. Abin da na ce shi ne: "Babu bambanci."

Baba yana layi na uku. Ya miƙe ya ce, "A-chuan, saba'in da takwas da saba'in da biyu. Wanne ya fi?"

Na ce, "Baba, a ilimance ɗaya suke."

Ya ce, "Ki ba ni saba'in da takwas ɗin, ki riƙe saba'in da biyun, tunda ɗaya suke."

Zaure ya yi dariya, ni ma na yi, irin dariyar da mai ilimi ke yi wa wanda bai sani ba. Na yi masa bayanin sa'a a gaban mutanen da ya koya wa riƙon ƙwai. Ya saurara har na gama, ya zauna. Kwamiti ya yanke cewa tunda babu bambanci, buɗe inji ɓata lokaci ne da ɓata wuta, kuma tunda 'yarsa ce ta faɗa, babu mai cewa an yi masa sharri. A walimar ƙarshen shekara aka kawo kaza aka ajiye a teburin ma'aikata, kanta yana kallon mahaifina. Kowa a nan ya san wanda kan kaza ya kalla ba ya dawowa aiki bayan sabuwar shekara. Ya ci shinkafarsa, ya sha shayi, ya gaisa da kowa, ya tafi gida a ƙafa.

Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na samu abin ramawa. Sai dai daga ranar ya daina kirana A-chuan, ya koma kirana Malama. "Malama za ta ƙara shinkafa?" "A gaya wa Malama motar Taipei ƙarfe bakwai ce." Wata goma sha huɗu ina Malama a gidan da aka haife ni. Mutumin da ya yi shekara goma sha takwas yana tashi kafin agwagi ya koma zama a bakin tafki yana gyaran ragar da ba ta yage ba.

Wanda ya gano kuskuren ba malamin jami'a ba ne. Inna ce, wadda ta tsaya a aji shida na firamare. Na zo hutu, muna zaune a tsakar gida, tana haska ƙwai da fitila tana ware marasa ɗa, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wai ƙwai nawa kika ƙirga kafin ki kori ubanki?"

Na ce ɗari-ɗari, kuma ba ni na kore shi ba.

Ta ce, "Ɗari. Ni kafin in sha shayin safe na haska ɗari uku. To in tambaye ki. A ce tsohon nan yana da gaskiya, a ce feshinsa na ƙara shida a kowane ɗari. Ƙirgar taki za ta gani?"

Na buɗe baki in ce ƙwarai, sai na ji ban sani ba. Shekara huɗu a jami'a, kuma an koya mana wannan tambaya, tana babi na tara, na ma ci jarrabawarta. Ban taɓa tunanin ana yin ta a kan mutum ba. Na ɗauko takarda a nan inda muke zaune na lissafa. Jama'a, in Baba yana da gaskiya ɗari bisa ɗari, gwajin da na shirya zai kama gaskiyar tasa sau ɗaya ne kawai cikin shida. Sau biyar cikin shida zai ce bai ga komai ba. Na shirya gwajin da tun kafin a kunna inji ya riga ya kusa yanke cewa ba zai gani ba, na kuma zo na tsaya a gabanku na ce babu.

Na gaya wa Inna. Ta ɗaga wani ƙwai ta kara a fitila ta ce, "To. Sai ki je ki ƙirga da kyau."

Ku bar ni in tsaya a nan in roƙe ku, ku matasa musamman, ku masu wayoyi cike da jadawali. "Ban gani ba" daban, "babu" daban. Wanda ya ce muku gwaji bai nuna bambanci ba, ku tambaye shi nawa ya gwada. Wanda ya ce muku gwaji ya nuna bambanci, ku tambaye shi nawa ya gwada, ku kuma tambaye shi wa ya zaɓi ƙwan. Ku tambayi mai sayar da magani, ku tambayi mai sayar da abinci, ku tambayi jami'in gwamnati, ku tambaye ni. Wanda ya ji haushin tambayar, kun samu amsarku.

Na je wurin manaja. A nan dole in yi masa adalci, ko da yake ba shi ne abin da na fi jin daɗin yi ba. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Kina nufin mun kori Baffa a kan babu?"

Na ce, "A kan ban sani ba."

Ya ce, "Nawa kike bukata?"

Na ce dubu uku. Ya dafe kai, ya ce kwamiti zai cinye shi ɗanye, sannan ya ba ni.

Saura Baba. Na same shi a bakin tafki na yi masa bayani tun daga farko. Ya ce, "Malama ta riga ta faɗa a gaban jama'a. Ni wane ne da zan ƙaryata jami'a?" Na koma washegari, ya ce bayansa na ciwo. Na koma rana ta uku, ya ce ya manta yadda ake yi.

Inna ta ce in bar mata. Ranar da ƙwai suka kai kwana goma, ta ɗauko mafeshinsa daga inda ya rataye shi, ta je gabansa ta cika shi da ruwan rijiya mai sanyi ƙarara, ta saɓa a kafaɗa.

Ya ce, "Ina za ki da wannan?"

Ta ce, "Feshi. Tunda ka manta."

Ya ce, "Da wannan ruwan? Kashe su za ki yi."

Ta ce, "Ruwa ai ruwa ne, Tsoho. Babu bambanci."

Ya bi ta da kallo har ta kai bakin hanya. Sannan ya jefar da ragar, ya bi ta da silifa ƙafa ɗaya, yana faɗin ra'ayinsa game da danginta tun daga kakanta. Da suka iso ɗakin ƙyanƙyasa shi ke riƙe da mafeshin.

Wannan karon na yi abin yadda ya kamata. Ban bar Baba ya zaɓi ƙwai ba, don hannunsa ya san mai kyau tun kafin idonsa ya gani, kuma ba na zargin mahaifina da maguɗi, na dai san shi. Ban bar manaja ya zaɓa ba. Iyayena mata huɗu na ɗakin haska ƙwai suka zauna da kuɗin ƙarfe guda na dala goma, kowane ƙwai a jefa masa: in fuska ta fito ya tafi hagu, in lamba ta fito ya tafi dama, har kowane ɓangare ya cika. Biyu daga cikinsu suna nan, ga su can suna dariya, don sun san kafin azahar sun mai da abin caca. Muka yi zagaye biyu, muka musanya injinan a zagaye na biyu, don kada wani ya ce injin hagu ne ya fi lafiya.

Cikin dubu ɗaya da ɗari biyar na rufaffen inji, dubu ɗaya da tamanin suka fito, saba'in da biyu cikin ɗari. Cikin dubu ɗaya da ɗari biyar na Baba, dubu ɗaya da ɗari da hamsin da biyar, saba'in da bakwai cikin ɗari. Ku lura, tazarar ta ma ragu, daga shida ta koma biyar. Amma a ƙwai masu wannan yawa, sa'a ba ta kawo tazarar biyar ko sau biyu cikin dubu. Biyar cikin ɗari ba ta da girma a baki. A lokacin ƙungiyar nan tana sa ƙwai dubu ɗari huɗu a shekara. 'Yan agwagi dubu ashirin ke nan da suka mutu a cikin ɓawo a shekara guda, saboda wata yarinya mai farar riga tana son lamba mai daɗin rabawa.

Na kai wa Baba takardar. Ya riƙe ta nesa da ido, ya karanta lambobin biyu, ya ce, "Saba'in da bakwai da saba'in da biyu. Wancan karon saba'in da takwas da saba'in da biyu. Wancan babu bambanci, wannan akwai."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "Lallai karatu da wuya." Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Can ya ce, "Jeki gaya wa uwarki ta ɗora ruwa, A-chuan."

Manaja ya zo gida da kansa, da kwandon lemo, ya tsaya a tsakar gida cikin takalmansa masu sheƙi da kashin agwagwa ya riga ya gama da su, ya ce, "Baffa, na yi kuskure, ka dawo." Baba ya bar shi a tsaye har shayi ya huce. Bai koma shugaban ɗaki ba. A wata goma sha huɗun nan hannunsa na dama ya fara rawa, kiret ba ya zama a cikinsa, kuma wannan babu lissafin da zai mayar masa. Ya yarda ya riƙa zuwa kwana biyu a mako ya koya wa ma'aikata, ya kuma zage su. A walimar shekarar, da aka kawo kaza, manaja ya miƙe a gaban kowa ya juya kanta ya kalli ƙirjinsa. Na daɗe ina yi wa mutumin nan tsiya, zan kuma ci gaba, amma a ranar na san wata rana zai zama shugaba.

Abu na uku, na ce na mahaifina ne. Da gaskiyarsa ta fito, sai ya fara faɗa wa kowa a shagon shayi cewa ba ruwan ne sirrin ba, giyar shinkafar da yake ɗan zubawa a ciki ce. Mutane suka fara zuba wa ƙwai giya. Wani ma ya zuba mai tsada. Na ce to, mu gwada wannan ma. Dubu ɗaya da ɗari biyar da giya, dubu ɗaya da ɗari biyar ruwa zalla. Suka fito kusan kai ɗaya, ƙwai tara ne tsakaninsu.

Wannan karon na auna kowace kalma kafin ta fita. Na ce, "Baba, in giyar tana yin wani abu, abin ya yi ƙanƙantar da ƙwai dubu uku ba su iya nuna shi ba."

Ya juya ya dubi mutanen shagon ya ce, "Kun ji da kunnenku. Ba ta ce babu ba."

Shekara goma sha tara ina koyarwa, ban samu ɗalibin da ya kama darasin nan da sauri kamarsa ba, ban kuma samu wanda ya yi amfani da shi ta mummunar hanya kamarsa ba. Inna dai ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin ƙwai ya sha rabin kwalba a mako ba, amma kwalbar na raguwa.

Mai girma shugaba, na ga ka ɗauki agogon, saura kaɗan. Kuskuren da na yi, a wannan zaure na yi shi, da babbar murya, a gaban mutum ɗari biyu. Gyaran kuwa a takarda aka buga shi, aka liƙa a allon sanarwa kusa da jadawalin allurar rigakafi, ruwa ya jiƙa shi cikin mako guda. Shekara goma sha tara ina ba ɗalibaina wannan labari a Taipei, ina cewa wani manomi da wata yarinya. Ban taɓa faɗinsa a inda ya faru ba, kuma mahaifina bai taɓa neman in faɗa ba. Shekararsa tamanin da huɗu yanzu, ba na so in ƙara jira.

Baba, ka tambaye ni a wannan zaure, saba'in da takwas da saba'in da biyu, wanne ya fi. Saba'in da takwas ya fi. Ban isa in tabbatar ba a ranar, amma ban isa in ƙaryata ka ba, kuma na ƙaryata ka a gaban mutanenka, na yi dariya. Kai ke da gaskiya. Ka yafe mini.

Kun gani, Baba ya ɗaga hannu yana nuna mini in sauka, miya na hucewa. A gidanmu wannan amsa ce babba, na karɓa.

Ubangijin Sama ya tsare wannan ƙungiya wasu shekaru arba'in. Ya tsare garkunanmu daga annoba, ya karkatar da guguwar teku daga tafkunanmu. Ya ƙara wa dattawanmu lafiya da tsawon kwana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ya ba matasanmu ilimi, ya kuma ba su iyaye mata masu tambaya. Ya sa abin da muka sa a inji ya fito da rai, ya mai da kowa gidansa lafiya, har da wakilin shugaban gunduma, wanda na ga bai tafi ɗaya taron ba.

Na gode.